JUYEN MAN HAIDUROLIK A MANYAN INJUNA BA TARE DA HASARAR LAFIYA KO DUKIYA BA



Na san akwai waɗanda, da suka ga sunan wannan lacca a jikin allo, suka tambayi kansu, me ya haɗa malamin Hausa da katafila? To, wani yatsa ne ya haɗa mu. Ina da ɗan ƙanwa, bakanike ne a wata ma'aikatar ayyuka. Wata rana da hantsi ya ga mai yana tsattsafowa daga jikin tiyon wata gireda, inji kuwa yana kunne, sai ya bi tiyon da hannu yana shafawa don ya gano inda yake yoyo. Ya ji wani abu ya cake shi kamar ƙaya. Da ya duba, sai ya ga ɗan ɗigon da bai kai ƙwayar gero ba, ya goge a jikin wando, ya ci gaba da aikinsa. Bai je asibiti ba sai washegari da la'asar, bayan hannun ya kumbura ya hana shi barci. Likitoci suka yi ƙoƙari suka ceci hannun, amma yatsansa manuni na dama sai da aka cire shi. Tun daga ranar na shiga tambayar kanikawa da injiniyoyi, ina kuma karanta littattafan da masu ƙera injuna ke haɗowa da injunansu. Abin da na tsinto shi zan gabatar muku a yau.

Maƙasudin laccar shi ne in nuna cewa juyen man haidurolik aiki ne da ke iya cutar da abu uku in aka yi masa gaggawa: mutumin da ke yin aikin, da injin da ake yi wa aikin, da garin da aka zubar wa tsohon man. Kowanne daga cikinsu akwai hanyar kare shi, kuma hanyar ba ta fi ƙarfinmu ba.

MENE NE HAIDUROLIK?

Kalmar ta samo asali daga harshen Girka, daga kalmomi biyu masu ma'anar ruwa da bututu. Abin da ake nufi da ita shi ne aika ƙarfi daga wani wuri zuwa wani ta hanyar matsa abu mai ruwa-ruwa a cikin bututu. Wani masani Bafaranshe mai suna Pascal, wanda ya rayu daga 1623 zuwa 1662, shi ya bayyana ƙa'idar cewa in aka matsa ruwa a cikin abin da ke rufe ruf, matsin nan zai bazu ko'ina cikin ruwan daidai wa daida. A 1795 wani Baturen Ingila, Joseph Bramah, ya yi rajistar injin matsa kaya da ke aiki da wannan ƙa'ida. Injunan farko da ruwa suke aiki. A ƙarni na 20 ne mai ya maye gurbinsa, domin ruwa yana sa tsatsa, yana daskarewa a ƙasashen sanyi, kuma ba ya sa wa ƙarfe santsi.

Bari mu ɗauki misali. A ce ga fistan ƙarami wanda fuskarsa santimita 1 ce murabba'i, watau kamar girman farcen ƙaramin yatsa, ga kuma babba wanda fuskarsa ta ninka ta ƙaramin sau 100, bututu cike da mai ya haɗa su. In ka danna ƙaramin da nauyin kilo 10, babban zai ɗaga kilo 1,000. Abin da jak ɗin mota ke yi ke nan, shi ya sa yaro ke iya ɗaga motar da ƙarti goma ba za su ɗaga ba.

A manyan injuna, kamar katafila da gireda da injin haƙa da tifa, famfo ne ke yin dannawar maimakon hannu. Famfo ya zuƙo mai daga tanki, ya tura shi ta cikin bawul-bawul da direba ke sarrafawa da liba, man ya bi tiyo ya shiga silinda ya ture fistan, sa'an nan ya komo tanki ta cikin matata, wadda kanikawa ke kira filta. Matsin da ke cikin tayar ƙaramar mota bai fi kilo 2 da 'yan kai a kan kowace santimita murabba'i ba. Na injin haƙa na zamani kuwa yakan kai kilo 350. Silinda guda mai faɗin santimita 12 tana iya ture nauyin da ya kusa tan 40. Fatar ɗan Adam kuwa, matsin kilo 7 kacal yana iya huda ta in man ya fito ta ƙaramar kafa. Ku riƙe waɗannan adadi, za mu komo kansu.

ABIN DA KE ƁATA MAI

Man nan yana da aiki huɗu: ɗaukar ƙarfi, da sa wa ƙarafa santsi, da kwashe zafi, da toshe 'yan kafofin da ke tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Abu uku ne kuma ke hana shi yin aikinsa.

Na farko datti. Ratar da ke tsakanin sassan famfo da na bawul ana auna ta ne da maikron, watau kashi 1 cikin 1,000 na milimita. Kaurin silin gashin kai kimanin maikron 70 ne, idon mutum kuma ba ya ganin abin da ya gaza maikron 40, alhali ratar wasu sassan ba ta kai maikron 10 ba. Ashe ke nan dattin da ke kashe famfo ido ba ya ganinsa. Mai yana iya zama garai-garai a cikin kwalba, ga shi kuwa cike da ƙura. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Masu ƙera injuna sun haɗu a kan cewa mafi yawan lalacewar haidurolik daga gurɓatar mai take. Mu da muke zaune a ƙasar hunturu, inda ƙura mai laushi kamar gari ke shiga har cikin akwatin da aka kulle, wannan magana ta fi shafarmu.

Na biyu ruwa. Tanki yana numfashi: in mai ya fita iska ta shiga, in ya komo iska ta fita. Da damina iskar nan tana ɗauke da laima, in dare ya yi ƙarfe ya huce sai ta zama raɓa a cikin tanki. Man da ruwa ya shiga yakan yi fari kamar an zuba masa madara. Kanikawa suna da gwaji mai sauƙi: a ɗiga man a kan faranti mai zafi, in ya yi ƙara yana tartsatsi kamar an jefa ɗanyen ƙosai a kasko, to akwai ruwa.

Na uku zafi. Man haidurolik ya fi son ya yi aiki a tsakanin digiri 50 da 60 a ma'aunin santigireti. Daga nan, duk ƙarin digiri 10 yana ninka saurin tsufansa, in kuwa ya wuce digiri 80 robobin da ke hana yoyo sukan fara ƙandarewa. Man da ya ƙone yakan yi duhu, ya yi ƙauri, ya bar wani danƙo a jikin bawul har ya riƙa maƙalewa.

Saboda haka ne kowane inji yake da agogon da ke ƙirga awoyin aikinsa. Injuna da yawa ana yi musu juye bayan awa 2,000, wasu na zamani sukan kai awa 5,000, amma wanda aka ɗaura wa gudumar fasa dutse ba ya kai ko kusa da haka. Littafin injin shi ne alƙali.

JUYE DABAN, ƊAURAYA DABAN

A nan ne mutane da yawa ke kuskure. Injin haƙa mai nauyin tan 20, tankinsa yana cin lita 130 zuwa 140, amma man da ke cikin injin baki ɗaya yakan kai lita 230 zuwa 260. Watau in ka kwance notin tanki ka tsiyaye shi ƙaf, akwai kimanin lita 100 ta tsohon mai da ta saura a cikin silinda da tiyo da famfo da lagireton sanyaya mai. Da an ta da inji sai tsoho da sabo su gauraye.

In lokacin juye ne kawai ya yi, man kuma bai gurɓata ba, wannan ba laifi. Amma akwai halaye huɗu da juye kaɗai ba ya isa, sai an yi ɗauraya, watau an kori tsohon man daga kowane lungu: in famfo ko silinda ta farfashe ta watsa garin ƙarfe, in ruwa ya shiga, in man ya ƙone, ko in an zuba wani mai wanda ba nasa ba. Wanda ya sayi sabon famfo ya ɗaura a kan injin da ba a ɗauraye ba, ya zuba sabon nono ne a ƙwaryar da ba a wanke ba. Garin ƙarfen tsohon famfo shi zai cinye sabon, wani lokaci cikin 'yan makonni.

KAFIN A TAƁA NOTI

Babban abin da nake so kowa ya fita da shi daga wannan zaure shi ne, kashe inji ba ya fitar da ƙarfin da ke cikinsa. Ƙarfin yana ɓoye a wuri uku. Akwai nauyin hannu ko bokiti ko wuƙar da aka bari a sama, wanda man da ke cikin silinda ne kaɗai ke riƙe da shi. A kwance tiyon sai ya faɗo kan duk wanda ke ƙarƙashi. Akwai wata 'yar tukunyar ƙarfe da ake kira akumuleta, wadda aka matsa wa iskar naitirojin, aikinta shi ne ajiye matsi bayan inji ya mutu. Sa'an nan akwai iskar da ke matse a cikin tankin kansa, wadda kan feso mai mai zafi a fuskar wanda ya buɗe murfi da garaje.

Ga yadda ake yi. A ɗan yi aiki da injin don man ya yi ɗumi, domin mai mai ɗumi ya fi saurin tsiyaya, dattin da ya kwanta kuma ya tashi ya bi shi. A faka shi a shimfiɗaɗɗen wuri mai tauri, nesa da rijiya da kwata da wuta. A janye silindojin da za su janyu don mafi yawan man ya komo tanki, a sauke bokiti ko wuƙa har ƙasa, abin da ba zai sauku ba a tokare shi da ƙarfe ko gungume. A kashe inji. A injunan haƙa da yawa sai a murɗa makulli ba tare da an ta da inji ba, a kaɗa kowace liba gaba da baya sau da yawa har matsin ya fice. Daga nan a zare makulli, mai aikin ya sa shi a aljihunsa, a rataya takardar gargaɗi a wurin direba, kada wani ya zo ya ta da inji alhali hannun mutum yana ciki. A jira har tanki ya huce yadda hannu zai iya dafa shi, domin mai mai digiri 60 yana sale fata cikin daƙiƙoƙi kaɗan. Sa'an nan a sassauta murfin sannu a hankali har iska ta gama fita. Ita kuwa akumuleta, ba a buɗe ta, ba a yi mata walda, ba a kusantar da ita ga wuta, sai gwani.

Mai aikin ya sa tabarau da safar hannu da takalmi rufaffe. Amma a sani, safar hannu ba ta tare man da ke fita da matsin kilo 350. Don haka yoyo da kwali ko ɗan katako ake nemansa, hannu yana nesa. In kuwa tsautsayi ya auku man ya huda fata, to asibiti nan take, wurin likitan fiɗa, kada a wuce awa 6. A gaya wa likita cewa mai ne ya shiga da matsi, a tafi masa da sunan man. Ciwon yakan yi kama da cizon ƙwaro a waje, a ciki kuwa man ya bi jijiyoyi yana kashe nama. Da ɗan ƙanwata ya san wannan, da yau yatsunsa goma ne.

YADDA AKE AIKIN

Farkon aiki wanka. A wanke bayan tanki da bakin kowane tiyo kafin a kwance shi, in ba haka ba ƙasar da ke waje ita za ta faɗa ciki. Ranar da ake iska da ƙura, a shiga da injin rumfa ko a jinkirta. A tanadi durorin da za su ɗauke man duka tun kafin a fara, ba a fafe gora ranar tafiya. In da hali a zuƙe man da famfo ta saman tanki, sauran kuma a tsiyaye shi ta notin ƙasa.

Bayan haka a buɗe tanki a kwashe laka, a goge shi da ƙyallen da ba ya zubar da zare. Tsummar atamfa da auduga ba su dace ba, domin zarensu yana toshe bawul. A ciro rariyar da ke bakin bututun famfo a wanke ta. A canza matatun duka, har da ta numfashin tanki wadda aka fi mantawa da ita. Yana da kyau a yanka tsohuwar matata a duba cikinta: in an ga ƙyalƙyalin ƙarfe ko na tagulla, wani abu yana cinyewa a ciki, a neme shi tun bai kashe injin ba. Duk tiyon da aka kwance a toshe bakinsa da murfi mai tsabta nan da nan. In ɗauraya ce bayan fashewar famfo, dole a kwance silindoji da tiyo da lagireto a tsiyaye su, a wanke su ɗaya bayan ɗaya, wanda bai wanku ba a canza shi.

Akwai al'adar da ta zama ruwan dare, ta zuba kananzir ko man gas a tanki a ta da inji wai don ya wanke ciki. Wannan ganganci ne. Ba su da santsin da famfo ke bukata, suna ɓata robobi, suna kama wuta, abin da ya saura daga cikinsu kuma yana tsinka sabon mai. Da man haidurolik ake ɗauraye haidurolik: a zuba irin man da injin ke sha, a zagaya da shi ta cikin sababbin matatu har ya yi ɗumi ana motsa kowane sashe, a tsiyaye shi, a sake matatu, sa'an nan a zuba na zama. In gurɓatar ta yi yawa a maimaita.

Game da sabon mai, lambobin nan 32 da 46 da 68 da kuke gani a jikin duro suna nuna kaurinsa ne a digiri 40. A ƙasashe masu zafi an fi amfani da 46 ko 68, amma a bi abin da littafin injin ya ce, kuma kada a gauraya iri biyu. Man birki ko kusa kada ya shiga. Sabon mai ma ba a amince masa a ce tsabtatacce ne, ta cikin matata ake zuba shi. Bokitin da ya kwana a buɗe da mazurarin da aka tsinta a ƙasa suna iya ɓata aikin yini guda cikin minti ɗaya. Duron da aka ajiye a tsaye a fili kuwa, ruwan sama yakan taru a kansa, in ya huce da dare ya zuƙe ruwan ta bakin murfi, saboda haka a kwance ake ajiye shi ko a cikin rumfa.

Saura fitar da iska. Kafin a ta da inji a cika cikin famfo da mai, a sassauta notin fitar da iska har mai ya fito babu kumfa, domin famfon da ya juya a bushe yana iya lalacewa nan take. A ta da inji a bar shi a silo. A motsa kowace silinda a hankali sau huɗu ko biyar ba tare da an kai ta ƙarshe ba, daga baya a kai ta. Iskar da ta maƙale a silinda, in aka matse ta da ƙarfi, takan yi zafin da zai ƙona robobi. In an ji famfo yana kuka kamar ana niƙa tsakuwa, a kashe inji, iska yake sha. A ƙarshe a duba yawan mai, a duba yoyo da kwali, a rubuta kwanan wata da awoyin agogo da irin man da aka zuba. In ɗauraya aka yi, a sake duba matatu bayan 'yan kwanakin aiki.

INA TSOHON MAI ZAI TAFI?

Dukanmu mun ga yadda ake yi da shi: a yayyafa a hanya don kashe ƙura, a zuba a kwata ko masai don sauro, a shafa wa azara don gara, har a shafa wa dabba mai ƙazuwa. Tsohon mai kuwa yana ɗauke da garin ƙarafa da magungunan da aka haɗa shi da su, ba ya ruɓewa da wuri, kuma inda ya nutse rijiyar unguwa yake nufa. Masana muhalli sun ƙiyasta cewa lita 1 tana iya ɓata lita miliyan 1 ta ruwan sha. Yarjejeniyar Basel ta 1989 ta lissafa tsohon man inji cikin shara mai haɗari, a Nijeriya kuma hukumar NESREA da aka kafa a 2007 ita ke da alhakin tilasta bin dokokin muhalli.

Wani haɗarin shi ne kama. Man haidurolik, in bai ƙone ba, launinsa kamar na man gyaɗa yake. A 1959, a garin Meknes da kewayensa a ƙasar Maroko, wasu 'yan kasuwa sun gauraya man girki da man injin jirgin sama, kimanin mutum 10,000 suka sami shanyewar ƙafafu da hannuwa. A ƙarshen 2004 kuma, a jihar Karolina ta Arewa a Amurka, masu gyaran na'urar hawa bene sun juye tsohon man haidurolik a durorin sabulu da suka tarar babu kome, ba su canza rubutun jikinsu ba. Durorin suka zagaya suka isa asibitoci biyu a matsayin sabulu, aka yi ta wanke kayan fiɗa da man, har aka yi wa kimanin mutum 3,800 aiki da su kafin a gane. Idan haka ta faru inda ake taƙama da tsari, yaya namu inda jarkar man gyaɗa ita ce jarkar kome? Saboda haka tsohon mai a zuba shi a duro mai murfi, a rubuta sunansa ɓaro-ɓaro, kada a haɗa shi da fetur ko ruwa, a miƙa shi ga masu sake tace shi. Wanda ya zube a ƙasa a tsane shi da yashi ko garin katako a kwashe.

KAMMALAWA

Zan rufe da ku, ma'aikatan gwamnati. Wanda ya taɓa leƙa harabar ma'aikatar ayyuka ko ta ƙaramar hukuma ya ga katafiloli da giredoji a jere, tayoyi sun sace, ciyawa ta fito a ƙarƙashinsu, alhali hanyoyin karkara suna jiran su. Da yawa daga cikinsu ba tsufa ya kashe su ba. An sayi inji da miliyoyi, aka hana shi matata. Bakanike ba zai tsiyaye mai a duron da ba a saya masa ba, ba zai sa tabarau ɗin da ba a ba shi ba, ba zai kuma jira tanki ya huce ba in maigida yana tsaye a kansa yana cewa a yi maza. Don haka wanda ke sa hannu a takardar kuɗi shi ma yana cikin masu juyen mai. Ya tambayi awoyin agogon kowane inji, ya nemi littafin da ake rubuta juye, ya sa kuɗin mai da matatu a cikin kasafi tun ranar da aka sayi injin, ya sa a fassara wa kanikawa dokokin tsare kai da harshen da suke ji a manna a bangon gareji. Don tuwon gobe ake wanke tukunya.

Ku kuma ɗalibai, gobe waɗannan kujeru naku ne. Kafin nan, duk wanda ke da ɗan'uwa bakanike ko direban katafila, ina roƙonsa ya kai masa saƙo biyu daga gare ni: ya nemi yoyo da kwali, in kuma mai ya cake shi, kada rana ta faɗi bai ga likita ba.